Babur mai ƙafa uku da na haɗa a tsakar gidanmu

Shan-inna ta same ni tun ina ƙarami, ban ma tuna ranar da na taɓa tsayawa da ƙafafuna biyu ba. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, takan ce zazzaɓi ne ya kwantar da ni, da na tashi sai ƙafar hagu ta ƙi ɗaukata, ta dama kuma ƙarfinta ya ragu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti, abin da Allah ya rubuta ya tabbata. A Kurna na tashi, kan hanyar Katsina a Kano, kuma nan nake har yau da iyalina. Sana'ata gyaran keken ɗinki, a hannun kawuna na koya. Abin da ya sa nake ba da wannan labari shi ne yawan masu tare ni a hanya, iyayen yara masu irin lalurata, suna tambayar inda na sayi babur ɗina. Ba sayensa na yi ba. Haɗa shi na yi, a gida, da kuɗin da ba su taka kara sun karya ba.

Gyaran keken ɗinki sana'a ce ta zuwa gida-gida. Yawancin masu keken mata ne da ke ɗinki a cikin ɗaki, kan keken kuwa ƙarfe ne mai nauyi, ba kowace ke da mai ɗaukar mata shi zuwa kasuwa ba. Sai dai a aiko yaro, in je, a fito mini da shi zaure in duba. Shekaru na yi ina wannan yawo da keken hannu, irin wanda ake murzawa a gaban ƙirji. Keken ya yi mini rana, ba zan ci amanarsa ba, amma duk wanda ya taɓa murza shi daga Kurna zuwa Ɗorayi a zafin watan Afrilu ya san abin da kafaɗa ke sha. Kafin in isa hannuna na rawa, alhali aikin da ke jirana na saita allura ne da ƙugiya, wanda ba ya son rawar hannu ko kaɗan. In wuri ya yi nisa sai in kira ɗan acaɓa. Akwai samari biyu da suka san ni, su ɗaga ni su ɗora, su kai ni har bakin ƙofa.

A watan Janairun 2013 aka kai wa ayarin Mai martaba Sarkin Kano, marigayi Alhaji Ado Bayero, hari. Kwanaki kaɗan bayan nan gwamnatin jiha ta hana acaɓa. Ban ga laifin hukuma ba, garin yana cikin tsoro a lokacin. Amma ni ranar aka yanke mini rabin kasuwata. A Daidaita Sahu yana bin titi ne, ya sauke ka a bakin layi ya wuce, daga nan zuwa cikin lungu kuwa tafiya ce da mai ƙafa ba ya ko lissafa ta, ni kuma da sanduna biyu da jakar kayan aiki a wuya, ita ce dukan tafiyar.

Na taɓa kai takardata wani ofishi da aka ce za a raba wa masu lalura babura. An ɗauki hotona, an rubuta sunana, ban sake jin komai ba. Daga baya na ga irin waɗanda akan raba, duka awo ɗaya, kujera ɗaya, tsayi ɗaya. To mu kuwa ba awo ɗaya muke ba. Wani ƙafa biyu ce ta tafi, wani ɗaya, wani bayansa ya karkace, wani hannunsa ɗaya ba ƙarfi. Ni ƙugun hagu ya fi na dama sauka, in na zauna a kujerar da ba a gyara mini ba, kafin la'asar bayana ya riƙe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nan na ƙudura cewa abin da zan hau, ni zan auna shi da jikina.

A Kano akwai 'yan uwanmu masu shan-inna da suka daɗe suna ƙera kekunan hannu da babura masu ƙafa uku, suna da ƙungiya da wurin aiki. Wurinsu na fara zuwa. Kuɗin aikinsu bai yi yawa ba in aka dubi wahalar, amma ba ni da abin da zan dire a lokaci ɗaya. Na faɗa musu gaskiya, suka ce in zauna in kalla. Ba su ɓoye mini komai ba, Allah ya saka musu da alheri. Na riƙa shiga ƙarƙashin duk babur ɗin da aka kawo gyara ina duba inda ya tsage, inda ya ci taya, inda mai shi ke kuka da shi.

Lokacin babura sun yi araha, domin 'yan acaɓa da yawa suna sayarwa su koma garuruwansu ko su nemi A Daidaita Sahu. Jincheng da Bajaj sai wanda ka zaɓa. Ƙanena ya matsa mini: "Yaya, ga banza ta faɗi, ka ɗauki Jincheng ɗin nan kawai." Na ce masa a'a. Jincheng yana da kulocin hannu, giyarsa a ƙafa, birkin baya a ƙafa, ga tanki a tsakiya da sai an ɗaga ƙafa an tsallake. Hannu biyu gare ni, kuma duk aikin da ƙafa ke yi hannun nan zai koma. In kuloci ya cinye hannun hagu, ina zan sa birkin baya, ina zan sa giya? Roba-roba nake so. Shi kulocinsa da kansa yake kamawa in an ja totur, tsakiyarsa a buɗe take, ana iya zura ƙafa ba tare da an ɗaga ta sama ba, kuma injinsa a kwance yake can ƙasa, nauyin bai hau sama ba. Ga shi ba ya shan mai. Lokacin litar fetur naira 97 ce, kuma ko a haka ina lissafinta.

Kuɗin adashe na zuba. Da kwasata ta zo ba ta kai ba, sai maiɗakina ta kawo tata kwasar ta ajiye a gabana. Na ce ta bari, kuɗin kayan ɗakinta ne. Ta ce: "Malam, in ka fita ka samo ai gidan nan za ka kawo." Da su na sayi wani tsohon roba-roba mai siisii 110 a hannun wani malamin makaranta a Rijiyar Lemo. Robobinsa duk sun farfashe, yana hayaƙi, fitila ba ta kamawa, shi ya sa kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na sabo ba. Ni kuwa robobin ba su dame ni ba, cire su zan yi. Abu biyu na duba: ƙashin babur ɗin bai taɓa karyewa an yi masa walda ba, kuma takardunsa cikakku ne, lambar inji ta yi daidai da ta rasit. Duk mai son bin wannan hanya kada ya yi wasa da takarda. Babur na sata ya fi kowane araha, kuma ranar da aka kama shi, wanda ke kai shi ne ɓarawo.

Ina cikin wannan tarin kuɗi ne, a farkon Fabrairun 2013, aka harbe mata masu aikin ɗigon rigakafin shan-inna a wurare biyu cikin Kano. Ranar ban iya taɓa sifana ba. Matan nan sun fito ne don kada wani yaro ya tashi yana neman irin abin da nake haɗawa. Na ga shekarar 2003 da idona, lokacin da aka dakatar da rigakafin a jiharmu har cikin 2004, kuma na san yaran da aka haifa a tsakanin nan waɗanda yau suke jan jiki. 'Ya'yana duk zagayen da aka zo ni nake fito da su da kaina. Da aka sanar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, na yi sujjadar godiya. Amma mu da ta riga ta taɓa muna nan, muna da yawa, kuma kowannenmu yana da inda yake son zuwa da safe.

Injin ni na buɗe shi da hannuna, a kan tabarma a tsakar gida, bayan sallar isha'i in an kawo wuta, in ba a kawo ba da fitilar caji. Wanda ya saba da cikin keken ɗinki ba ya tsoron cikin inji, duka biyun magana ce ta lokaci: wannan ya motsa daidai sa'ad da wancan ya kauce. Na jera gwangwanayen madara, kowane sashe da nasa, don kada noti ya ɓata ko ya shiga inda ba nasa ba. Na wanke komai da kananzir. Hayaƙin daga ringi ne, sun cinye, silindar ma ta yi zane, sai na kai aka rarake ta kaɗan na sayi fistin da ringi masu girman da ya dace. Wani bakaniken babur a layinmu ya nuna mini yadda ake karkasa bakin ringi kada su haɗu a layi ɗaya, da yadda ake daidaita alamar T, mai nuna cewa fistin ya kai ƙarshen hawansa, kafin a ɗora sarƙar da ke juya bawul, ya kuma ara mini ma'aunin da ake saita tazarar bawul, milimita 0.05. Kafireta kuwa datti ne kawai ya toshe ta. Da na gama na buga, ya tashi, hayaƙi ya ɗauke.

Babban aikin yana baya, kuma a nan ne na fi daɗewa. Akwai hanya mai sauƙi da wasu ke bi: a bar tayar baya yadda take, a liƙa ƙananan tayoyi biyu a gefe. Na ga abin da ke faruwa da su a layukanmu masu kwazazzabai. In tayoyin gefe suka hau tudu, ta tsakiya mai tura babur ɗin sai ta rataye a iska tana juyawa a banza, mai shi kuma ba ƙafar da zai sa ya tura. Don haka na zaɓi in cire tayar baya gaba ɗaya, in sa biyu a kan sandar ƙarfe ɗaya.

Mai waldar da ya yi mini aikin dattijo ne a unguwarmu, mai ƙera ƙofofi da tagogi. Ba ni da kuɗin biyansa duka, sai muka yi musaya: na gyara kekunan matansa biyu, na ɗauki alkawarin duba su duk sanda suka lalace, shi kuma ya jawo injinsa zuwa ƙofar gidanmu da yamma. Mun yi gardama da shi sosai a kan sandar nan. Shi so yake a ɗaure tayoyin biyu da ita, sarƙa ta juya su tare. Ya ce: "Ɗana, ƙarfi biyu ya fi ɗaya." Na ce: "Baba, gaskiya ne a miƙaƙƙiyar hanya. Amma in za a sha kwana fa?" Na sa ƙanena ya zana da'ira biyu da alli a ƙasa, ɗaya cikin ɗaya. Tayar da ke waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo. In an ɗaure su tare dole ɗaya ta goge ƙasa, babur ya riƙa turjewa yana son miƙewa, taya ta cinye, wata rana sandar ta murɗe. Mota da A Daidaita Sahu suna da wani akwatin haƙora da ke raba wa tayoyinsu wannan gudu, amma shi kaɗai ya fi ƙarfin aljihuna, ga nauyi, ga faɗi. Baba ya daɗe yana kallon allin nan, sannan ya ce in faɗi yadda nake so.

Abin da muka yi shi ne, tayar hagu aka ɗaure da sandar, tunda sarƙar roba-roba a hagu take, ta dama kuma aka bar ta tana juyawa da kanta a kan boris. Wannan ma yana da nasa hali, ba zan ɓoye ba. In na ja totur da ƙarfi babur ɗin yakan so ya karkata dama, kwanar dama tana yi masa daɗi, ta hagu sai na sassauta. In tayar hagu ta faɗa yashi ko taɓo takan yi ta juyi a wuri ɗaya, sai in kwanto da jikina ta wannan gefen ta kama ƙasa. Hannu yana sabawa da waɗannan duka.

Tayoyin na Vespa ne, masu inci 10, na samo su a wurin 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa daga wata tsohuwar Vespa da aka kwance. Dalili uku ya sa. Babur mai ƙafa biyu yana kwantawa a kwana, mai uku ba ya kwantawa, don haka nauyi yana bugun taya ta gefe, wayoyin tayar babur kuwa ba don haka aka yi su ba, sai su yi ta saki suna karyewa. Ta Vespa faranti ce ta ƙarfe. Na biyu, gajeru ne, kujera ta sauko, kifewa ta yi wuya. Na uku, ƙaramar taya tana rage gudu ta ƙara ƙarfin ja, ni kuma ba tsere zan yi ba, kaya zan ɗauka. Kuɗin da ya fi ci mini rai shi ne na mai injin sassaƙa ƙarfe, wanda ya gyara sandar ta shiga cibiyar tayoyin, ya kuma yi mazaunin faifan sarƙa. Wannan ba aikin gida ba ne, kuma ba wurin neman rangwame ba ne. Faifan baya da na gaba sai sun kalli juna sak, mun ja zare mun auna kafin Baba ya ɗiga walda, domin in suka saɓa ko kaɗan sarƙa za ta riƙa zamewa, kuma wanda ba ya iya sauka da sauri bai kamata sarƙa ta zame masa a tsakiyar titi ba.

Faɗin baya kuwa ƙofar zaurenmu ce ta yanke shi. Ƙafa uku ce, sai muka tsaya a inci 33. Da ya fi haka faɗi da ya fi zama daram, amma da ya kwana a waje, kuma da lunguna da yawa na cikin gari sun gagare ni. Abin da na rasa a faɗi na rama shi da nauyi: akwatin kayan aiki na sa shi can ƙasa tsakanin tayoyin, daidai girman kan keken ɗinki.

Ga yadda na raba kuɗi, ga mai son sani. Boris, sarƙa mai lamba 428, wayoyin birki da takalman birki, da tayoyi, sababbi na saya, domin rai a kansu yake. Sauran duka na hannu ne: shokazoba biyu na Jincheng daga baburan acaɓa da ake kwancewa, baƙin bututun ƙarfe mai kauri daga ragowar masu gini, madubi, fitila, soson kujera daga wurin mai kushin. Baba ya hana mu taɓa farin bututun ruwa, ya ce hayaƙinsa in ana walda guba ne, kuma gaskiyarsa ce.

Sai aikin mayar da ƙafa hannu. Giya, mun haɗa mata sanda ta taso gefen gwiwata ta hagu, in tura gaba in ja baya, ina sakin totur kafin in taɓa. Birkin baya ya koma hannun hagu inda kuloci yake zama a wasu babura. Tayoyin baya kowace da birkinta, kuma dole su kama tare, in ba haka ba babur ya juya da kai. Waya ɗaya ce ke fitowa daga hannu ta ja tsakiyar wani ɗan guntun ƙarfe, bakinsa biyu kuma kowane ya ja tasa tayar, sai ƙarfin ya rabu daidai. Shekarun da na yi ina murza keke sun bar mini damtse, matse birkin nan bai taɓa gagarata ba. Akwai maɓallin tayarwa, amma batir ba abin dogaro ba ne, sai muka ƙara wa kik doguwar sanda da nake ja da hannun dama. Wurin ajiye ƙafa faranti ne mai baki, da ɗan maɗauri, da garkuwa tsakaninsa da salansa, wato bututun hayaƙi mai zafi. Mutane suna zaton ƙafar shan-inna ba ta jin zafi. Tana ji sarai, janyewa ce ba ta iyawa. Kujerar kuwa na yi ta zama ina tashi, ana ƙara soso a hagu ana ragewa, har na ji bayana ya miƙe, sannan aka sa mata jingina aka rufe.

Na shafa jan fenti mai hana tsatsa, na bi da kore. Yara suka ce in rubuta kirari a baya kamar yadda ake yi. Abin da na sa aka rubuta shi ne: ANA GYARAN KEKEN ƊINKI. Ina da dalili. Sanda nake kan keken hannu, in na tsaya a danja, sau da yawa sai a sauke gilashi a miƙo mini kuɗi. Masu yi da kyakkyawar niyya suke yi, Allah ya ba su lada, amma duk ranar da aka yi mini haka nakan koma gida zuciyata a ƙuntace, ga jakar kayan aiki a jikina ba wanda ya gan ta. Tun da rubutun nan ya hau, in an sauke gilashi tambaya ake yi: "Malam, kana zuwa Hotoro? Keken gidana yana tsinka zare."

Ranar Juma'ar da na fara fita da shi, masallaci na nufa. Na tsaya, na sa ƙugiyar da ke riƙe birki, na sauko da sandunana, ba wanda ya ɗaga ni, ba wanda ya jira ni. Na yi kuka a sahu, ban ji kunya ba. Daga nan aiki ya buɗe. Inda nake zuwa gida ɗaya in dawo a gajiye, sai na koma zagaya unguwanni, har teloli na cikin kasuwa suka fara kirana. Da abin da babur ɗin nan ya jawo na mayar wa maiɗakina kuɗinta, na sa yara a makaranta, na kama ɗan shago. Keken hannun kuma na ba wani yaro a layinmu yana zuwa islamiyya da shi.

Har yau shi nake hawa. An sake ringi, an sake boris, sandar baya ita ce dai ta farko. Ba shi da giyar baya, in na shiga lungun da ba ya ɓullewa sai na kama taya da hannu na murza, ko yara su taimaka, don haka nakan duba mafita kafin in shiga. Ba na sha masa kwana da gudu, mai ƙafa uku ba ya yafe wannan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake tsara gidajen da zan je su zama a hanya ɗaya.

Baba mai walda ya rasu, Allah ya gafarta masa, ɗansa ne ke riƙe da injin, kuma da shi muke haɗa wa wasu in an zo da buƙata. Kowa sai na zaunar da shi na auna tukuna. Yanzu haka akwai na wata yarinya da ta samu gurbin karatu a kwalejin ilimi, mahaifinta yana kawo kuɗin kaɗan-kaɗan. Ita hannun dama ne ba ƙarfi, don haka totur zai koma hagu, kuma in ya koma hagu juyinsa yana saɓawa, sai an sake masa hanyar waya. Birki biyun ma a hannu ɗaya za su haɗu, gaba da baya, muna ta gwada yadda za a raba ƙarfin kada na gaba ya riga kamawa. An sassaƙa sandar baya, an tayar da injin. Tayoyin Vespa ne suka yi wuya a kasuwa yanzu, na bar sallahu a Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna, kuma muna so a gama kafin a koma makaranta, in sha Allah.